Shanyewar ɓarin jiki: ranar da aka sallamo shi daga asibiti jinyar take farawa

A nan Damagaram in aka ce wane ya samu AVC, ko ɓarin jikinshi ya shanye, kusan kowa ya san abin da zai biyo baya. Kwana goma ko sati biyu a asibiti, ƴan dubiya suna ta sintiri da kwanukan abinci, sai a sallamo shi da ordonansi a hannun babban ɗanshi, a shimfiɗa mishi katifa a ƙuryar ɗaki, a ce to saura addu'a. Addu'a kam dole ce, ba mai ja da wannan. Amma wlh ranar sallamar nan ita ce ranar da ainihin aikin yake farawa, kuma yawancinmu ba mu san haka ba, shi ya sa mutane da yawa da za su iya miƙewa su koma masallaci da kasuwa suke ƙarewa a kwance shekara da shekaru, ba don danginsu ba su damu ba, a'a, sau da yawa ma tausayin ne ya yi yawa har ya zama cuta.

Abu na farko da ya kamata ya zauna a kan kowa, ciwon ba a hannu yake ba, ba a ƙafa yake ba. Naman yana nan, ƙashin yana nan. A ƙwaƙwalwa ɓarnar ta faru. Ko dai gudan jini ya toshe wata jijiya da ke kai jini wani yanki na ƙwaƙwalwa, ko kuma jijiyar ta fashe jini ya malala a ciki, ko wanne ne dai yankin ya rasa jini, cikin ƴan mintoci ya fara mutuwa. Kuma Allah ya halicce mu a harɗe, ɓangaren hagu na ƙwaƙwalwa shi ke juya damar jiki, na dama shi ke juya hagu. Wurin magana a yawancin mutane yana hagu, shi ya sa in ka lura wanda damarshi ta shanye shi ya fi rasa magana, shi kuma wanda hagunshi ta shanye sau da yawa bakinshi ras, amma wani sai ya manta da ɓangaren hagun gaba ɗaya, ya ci tuwon da ke dama a kwano ya bar na hagu, ya dinga bugun ƙyaure da kafaɗa, a yi ta mishi faɗa ana cewa ganganci ne alhali ciwon ne.

Akwai wani babban bincike da aka yi a asibitocin Najeriya da Gana, har da na Kano da Zariya a ciki, sunanshi SIREN, Farfesa Mayowa Owolabi na Ibadan ya jagorance shi, sakamakon ya fito a 2018. Sun duba marasa lafiya sama da 2000, suka tarar wajen kashi 68 cikin 100 toshewa ce, 32 fashewa ce, wato fashewar ta fi yawa a wajenmu fiye da Turai, matsakaicin shekarun mutanen 59, kuma a wajen kashi 90 cikin 100 na masu ciwon, hawan jini yana da hannu a ciki. Ba a Nijar aka yi shi ba, amma tsakanin Kano da nan wajen kilomita 240 ne, tuwonmu ɗaya, miyarmu ɗaya, magin da muke bugawa a tukunya ɗaya. Kuma bambancin toshewa da fashewa ba maganar likitoci kaɗai ba ce, don aspirin da ke taimakon mai toshewa shi zai iya ƙara wa mai fashewa zubar jini, da ido kuwa ba a tantancewa sai an yi hoton sikana na kai. Kenan in maƙwabci ya kawo maka sauran maganin babanshi ya ce ciwonsu ɗaya, ka yi mishi godiya ka ajiye.

Maganar aljani kuwa dole a taɓa ta, don ita ke cinye kwanakin farko. Mutum ya tashi da asuba ya shiga makewayi ya faɗi, aka ɗauko shi baki ya karkace, to me mutane za su ce in ba an buge shi a banɗaki ba? In yana da mata biyu kuma shi kenan, an samu wadda za a nuna wa yatsa, gida ya rabu kan abin da ba wanda ya yi. Gaskiyar ita ce tansiyon mutum tana hawa da safe, kuma an daɗe da sanin wannan ciwon ya fi bugun mutane daga asuba zuwa hantsi, lokacin da kowa ke shiga makewayi kenan. Ba faɗuwar ce ta kawo ciwon ba, ciwon ne ya kada shi. A yi ruƙiyya a yi addu'a, amma a cikin mota a kan hanyar asibiti, don maganin da ke narkar da gudan jinin, inda ake da shi, cikin awa 4 da rabi na farko kawai ake ba da shi, kuma ko inda babu shi akwai sauran abin da asibiti ke yi wanda gida ba ya iyawa. Shi kuma saƙon nan da ke yawo a WhatsApp wai a tsittsira yatsun mutum da allura jini ya fito, ƙarya ce, ɓata lokaci ne kawai.

To in yankin ƙwaƙwalwa ya mutu, ta yaya wasu suke tashi? Wanda ya mutu ba ya dawowa. Sauƙin da ake gani a satukan farko, wani ɓangarenshi kumburi ne ke saɓewa, wuraren da suka suma amma ba su mutu ba suna farfaɗowa. Sauran kuwa koyo ne, ƙwaƙwalwa tana iya buɗe sababbin hanyoyi ta ɗora wa wani yanki aikin wanda ya lalace. Kun san yadda ake yi in ruwan damina ya cinye hanya a bakin korama, mota ɗaya ta ratse ta cikin gona, wata ta bi sawunta, wata ta bi, kafin wata guda ratsen ya zama hanya sosai, in kuwa ba wanda ya bi sai ciyawa ta rufe wurin. Haka abin yake, maimaitawa ce ke buɗe hanyar, ba shafa mai ba, ba allurar bitamin ba, ba ƙarin ruwa ba. Kuma wannan ƙofar ta fi buɗewa a wata 3 na farko, tana ci gaba har wata 6, bayan nan ana samun ci gaba amma a hankali kuma da wahala. Yanzu ku duba me muke yi da wata ukun nan. Satin farko wajen malam, na biyu wajen wanzami a yi ƙaho, na uku an ji labarin wani mai magani a wani ƙauye bayan Magarya an ɗauki shatar mota, an sayar da tunkiya an sayar da hatsi, sai kuɗi sun ƙare hannu ya ƙandare yatsu sun dunƙule sannan a tuna ai likita ya ce a kai shi wajen masu kine, wato ma'aikatan asibiti masu koyar da motsa jiki.

Nan ne maganar tausayi ta shigo, kuma ita ce ta fi ci mini rai. Mu a tarbiyyarmu abin kunya ne baba yana fama da cokali ɗanshi yana zaune yana kallo. Sai a karɓe cokalin. Zai sa riga, a sa mishi. Zai ɗauki buta, jika ya ruga ya ɗauko. Zai yi magana harshe ya sarƙe, kafin ya ƙarasa uwargida ta ƙarasa mishi. Duk cikin ladabi da neman albarka ake yi, Allah ya ba da lada, amma kowane ɗaya daga cikinsu darasi ne aka hana ƙwaƙwalwa ta ɗauka. Wani masani ɗan Amurka, Edward Taub, ya nuna cewa in mutum ya gwada hannun sau da yawa a farko ya kasa, sai ya koyi barinshi, ko da daga baya ƙarfi ya fara dawowa ba zai ƙara neman hannun ba don ya riga ya saba da ɗayan. Har wata hanyar jinya aka fitar daga nan, a sa wa hannun mai lafiya safa mai kauri na wasu awoyi a rana don dole a yi aiki da mai ciwon, ga wanda yatsunshi da wuyan hannu suka ɗan fara motsi. Ban ce kowa ya je ya ɗaure hannun babanshi ba, wannan sai da mai kine. Abin da nake so a ɗauka shi ne, in baba zai yi minti 20 yana sa maɓallin riga, ka zauna kusa da shi ka bar shi ya sa, ka taimaka daidai inda ya maƙale kawai. Haƙurin da za ka yi kana kallo ya fi karɓewar wuya, kuma shi ne hidimar gaske.

Mai kine kuma a gane matsayinshi. In kana zuwa sau 2 ko 3 a sati, minti 30 ko 40, ga kuɗin adaidaita ga kuɗin zama, balle wanda zai taso daga Mirriya ko Matamaye ko Tanut, wannan kaɗai ba zai isa ba ko da mai kine ɗin gwani ne. Amfanin zuwan shi ne a tafi da mutum ɗaya daga gida wanda zai tsaya ya kalla, ya tambaya, in an yarda mishi ma ya ɗauka a salula, ya dawo gida a dinga yi kullum. Kuma ba sai da inji ba. Tsintar wake daga faranti zuwa kofi, jan carbi da hannun mai ciwo, ɓare gujiya, murɗa marfin gora, tashi daga kujera a zauna sau goma, tsayuwa a jikin bango ana raba nauyi kan ƙafa biyu, taku daga ƙofar ɗaki zuwa zaure. Kaɗan-kaɗan amma sau da yawa a rana ya fi a tara a yi mai yawa lokaci ɗaya a gajiyar da shi. Gaggawar ma tana da iyaka, wani bincike mai suna AVERT da ya fito a 2015 ya nuna waɗanda aka matsa musu da tashi da yawa tun cikin awa 24 na farko ba su kai sauran samun sauƙi ba. Saboda haka ranar farawa likita ke faɗa, amma dai kwanaki ake magana ba watanni ba.

Akwai kuma abubuwan da ke kashe mutum ko su naƙasa shi a gida alhali ya tsallake bugun ciwon na farko. Babbansu haɗiya. Wajen rabin masu wannan ciwon haɗiyarsu tana taɓuwa a farko, sai a zo mutum yana kwance rigingine a ɗaga kanshi a ɗura mishi koko ko rubutu ko jiƙo, ya sarƙe, wani ma ko tari ba ya yi, abin ya gangara huhu, bayan kwana biyu zazzaɓi da numfashi sama-sama, a ce ciwon ne ya tashi. A zaunar da shi sosai kafin a ba shi komai, cokali kaɗan-kaɗan, abu mai ɗan kauri kamar kunu ko fura mai kauri ya fi tsinkakken ruwa sauƙin haɗiya ga yawancinsu, ya zauna rabin awa bayan ya gama, a wanke mishi baki. In yana tari ko muryarshi ta koma kamar da ruwa a maƙogwaro duk sanda ya sha abu, a dakata a koma asibiti. Sai gyambon kwanciya, wanda ba ya iya juya kanshi a juya shi duk awa 2, a duba ɗuwawu da kwankwaso da dunduniya, balle a zafinmu na Afrilu da Mayu ga gumi ga fitsari ga ledar da aka shimfiɗa a ƙasa. Sai kafaɗa. Don Allah a daina ɗaga mutum ta hanyar jan hannun da ya shanye, naman da ke riƙe kafaɗar ya saki, ja ɗaya sai ta goce, ciwon da zai biyo baya kuwa shi zai hana shi yarda a ƙara taɓa hannun. A tallabe shi ta gangar jiki, in ya zauna a ɗora hannun kan matashi kar a bar shi yana reto. Haka gashi da ruwan zafi ko sakiya, fatar da ba ta ji ba za ta ce maka ta ƙone ba.

Wanda magana ta ɗauke mishi kuma, hankalinshi yana nan. Mutum ne da ya san abin da yake son faɗa kalmar ta ƙi zuwa, ko ya nufi ruwa bakinshi ya ce takalmi. Ba kurma ba ne, a daina mishi ihu, ba yaro ba ne, a daina maganarshi a gabanshi kamar ba ya wurin. Mutum ɗaya ya yi magana lokaci ɗaya, gajeruwar tambaya, a ba shi lokaci. Za ka ga wani ba ya iya faɗin sunan matarshi amma Fatiha ta fito mishi tiryan-tiryan, wannan sananne ne, abin da aka haddace tun yarinta ya fi saurin fitowa, kuma ana iya farawa daga nan, gajerun surori, gaisuwa, ƙirge, sunayen ƴaƴa.

Abin da muka fi rufe ido a kai shi ne zuciya. Wajen mutum 1 cikin 3 na waɗanda suka samu wannan ciwon suna faɗawa ciwon damuwa mai tsanani. Ka ɗauki magidancin da jiya shi ke ba da kuɗin cefane, shi ake jira a sasanta rigima, yau ƴarshi ce ke kai mishi fo. Sai ya daina ci, ya juya fuska bango, ya ƙi motsa jikin, a ce ya cika taurin kai, ko a ce ba shi da tawakkali, wannan maganar kuwa ta fi komai ƙona rai. Ciwo ne, wani ɓangarenshi daga raunin ƙwaƙwalwar yake, yana da magani, a faɗa wa likita. Wani kuma sai ya fashe da kuka ko dariya ba dalili ya kasa tsayawa, shi ma ciwon ne ba taɓin hankali ba. Ga gajiya, taku ashirin sai ya ji kamar ya yi noman yini, ba lalaci ba ne.

Komawa rayuwa fa ba yana nufin hannu ya dawo kamar da ba. Wasu za su warke kusan sarai, wasu za su rayu da jan ƙafa, wasu ɓarnar ta yi girman da duk ƙoƙarin duniya ba zai miƙar da su ba kuma ba laifin kowa ba ne. Amma mai jan ƙafa ma yana iya komawa cikin mutane in an gyara mishi ƴan abubuwa. Tashi daga katifa a ƙasa yana da wuya ƙwarai, gado mai daidai gwiwa ya fi. Tsuguno a masai shi ne abin da ya fi tsorata su, mai walda zai haɗa kujera mai rami da ƙarfen kamawa a bango da kuɗi kaɗan, wannan kaɗai yana dawo wa dattijo da mutuncinshi. A kwashe tabarmi da igiyoyi daga hanya, a duba dokin ƙofa, takalmi mai kama dunduniya ba silifa ba don silifa zamewa take daga ƙafar da ba ta ɗaguwa, kuma wanda ke cikin lungunan Birni da duwatsunsu ko unguwar da yashi ya yi yawa ya fara da tsakar gida tukuna. Salla, addini ya riga ya sauƙaƙa, a tsaye in an iya, in ba a iya ba a zaune, in ba a iya ba a kishingiɗe, ga taimama in alwala ta gagara. Wanda damarshi ta shanye ya ci da hagu ba tare da an bi shi da ido ba, lalura ce, ya ci da kanshi da hagu ya fi a ɗura mishi da damar wani. Kuma a fito da shi. Mu kan ɓoye irin waɗannan marasa lafiyar wai kar a ga baki a karkace ko miyau na zuba, alhali zaman fada ana shan shayi ana gardama, ko a kai shi rumfarshi a Kasuwar Dole ya zauna awa biyu yaro na miƙo kaya shi yana karɓar kuɗi, wannan ma jinya ce, magana ce da lissafi da tafiya a haɗe. Moto da mota dai a jinkirta sai likita ya duba, don wani rabin ganinshi ya tafi bai sani ba, ɗan kabu-kabu a nema mishi wata sana'ar kafin nan. Zaman aure ma yana dawowa ga mafi yawa, kunya ce ke hana tambaya.

Ita kuma mai jinyar, don kusan kullum mace ce, mata ko ƴa ko suruka, ita ke juyi cikin dare, ita ke wanki a garin da ruwa sai an saya wajen ƴan garuwa, wata an cire ta daga lakwal saboda haka. Mu maza mu kan ɗauka in mun biya ordonansi mun sauke nauyi. A raba kwana, a raba aiki, ɗa namiji ya karɓi wankan babanshi da ɗagawa, ƴan uwan da ke Yamai ko Agadas ko Libiya su ɗauki kuɗin kine da magani a kan kowane wata maimakon aike guda mai yawa a satin farko da za a kashe kan lemo da ƴan dubiya. Kyautar jinya da gwamnati ta sa tun 2006 ta yara ƴan ƙasa da shekara 5 ce da wasu lalurorin mata, ba ta shafi wannan ciwon ba, daga aljihu ne, kuma tafiyar doguwa ce.

Sai maganar dawowarshi, don yana dawowa. Wajen 1 cikin 4 suna sake samun wani bugun cikin shekara 5, na biyun kuma sau da yawa ya fi muni. Abin da ake yawan yi shi ne a sha maganin tansiyon wata ɗaya, kwalin ya ƙare, an auna an ga 13/8, a ce ai ya sauka. Maganin ne ya saukar da shi, ranar da aka bari zai koma, kuma hawan jini ba ya ciwon kai dole, mutum yana iya yawo da 18 ko 20 yana jin garau. Magungunan tansiyon irin su amlodipine ba su kai kuɗin tafiya ɗaya wajen mai magani ba. Gishiri, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kar ya wuce giram 5 a rana, ƙasa da ƙaramin cokalin shayi, kuma magi da kanwa da yajin da aka daka da magi duk a cikin lissafin suke. Binciken SIREN ɗin nan ya nuna masu cin ganye kullum sun fi tsira, zogale da rama da yakuwa kuwa ba su gagare mu ba. Mai ciwon suga ya riƙe maganinshi, mai taba ya bari, azumi kuma a tambayi likita kafin watan ya kama, musamman in ya faɗo cikin zafi. In wata rana baki ya ɗan karkace ko hannu ya mutu ko magana ta sarƙe na minti goma sannan ya sake, kar a ce alhamdulillahi ya wuce a koma barci, gargaɗi ne, kuma kwanakin da ke biye su suka fi haɗari, a tafi asibiti a ranar. Ƴaƴan gidan da ƙannenshi su ma duk wanda ya haura 30 ya miƙa hannu a auna shi a CSI, wato ƙaramin asibitin unguwa, ko farmasi, don hawan jini yana bin dangi kuma tukunya ɗaya suke ci.